Waken Suya da Zafin Bazata na Ɗaukewar Al'ada: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da mata ke yawan maimaitawa idan al'ada ta fara ɗaukewa, zafi ya shiga taso musu ba dare ba rana, sannan suka ji an ce waken suya na rage shi. An faro daga masu sauƙi, an gangara zuwa masu zurfi.

Mene ne wannan zafin da ke taso min kwatsam, kuma me ke kawo shi?

Zafi ne da ke farawa daga ƙirji ya haura wuya da fuska, sai gumi ya karyo, wani lokaci har da bugun zuciya da sauri, in ya lafa kuma sanyi ya biyo baya. Yakan ɗauki minti 1 zuwa 5. In da dare ya zo, shi ne gumin nan da ke jiƙa riga da zanin gado ya hana barci. Kusan mata uku cikin huɗu na fama da shi a shekarun ɗaukewar al'ada, wadda galibi ke zuwa tsakanin shekara 45 da 55.

Tushensa a ƙwaƙwalwa yake. Akwai wani ɗan sashe mai suna haifotalamus da ke daidaita ɗumin jiki, kuma yana da tazarar da yake barin ɗumin ya yi sama ko ƙasa a cikinta ba tare da ya ɗauki mataki ba. Idan istirojin, wato sinadarin haihuwa na jikin mace, ya ragu, tazarar nan sai ta tsuke, har ɗan ɗumin da bai taka kara ya karya ba ya sa ƙwaƙwalwa ta zaci jiki ya yi zafi fiye da kima. Nan take sai ta buɗe jijiyoyin jini na fata, ta saki gumi. Shi ya sa in kin sa ma'aunin zafi a lokacin, ba za ki ga zazzaɓi ba.

Shekara nawa yake ɗauka kafin ya tafi?

Ya fi daɗewa a kan yadda aka zata a da. Wani babban bincike na Amurka mai suna SWAN, wanda ya bi mata na tsawon shekaru, ya ruwaito a 2015 cewa a cikin masu yawan samun zafin, matsakaicin tsawonsa shekara 7.4 ne. Baƙaƙen fata na Amurka sun kai shekara 10.1, 'yan asalin Japan da Sin kuma wajen shekara 5. Wadda ya fara mata tun tana ganin al'ada ta fi daɗewa da shi. Saboda haka duk dabarar da za ki ɗauka, ki duba ko abin da za ki iya ɗorewa a kai ne.

Me ke cikin waken suya da ake dangantawa da wannan zafi?

Wasu sinadarai ne da ake kira aisofilabon. Uku ne manya: jenistayin, wanda ya kai wajen rabi, sai daidzayin wajen kashi 40 cikin 100, sai gilisitayin da ke cike ragowar. Ana samun ɗan burbushinsu a wasu nau'o'in wake, amma cikin abincin da mutane ke ci yau da kullum, waken suya ne kaɗai ke ɗauke da su da yawan da zai yi tasiri.

A cikin waken, kowane ɗayansu na manne da ƙwayar sukari. Sai an ɓalle sukarin a hanji kafin jiki ya iya tsotse shi. Ki riƙe wannan, domin zai dawo a amsar da ta shafi karanta bayanin jikin kwalbar kafso.

Kenan istirojin ne zan riƙa ci?

A'a. Ƙirarsu ce ta yi kama da ta istirojin, har sukan iya zama a gurbin da yake zama a cikin ƙwayoyin jiki, amma ƙarfinsu bai kusa nasa ba. Gurbin nan iri biyu ne, alfa da beta, kuma sai a 1996 masu bincike a Suwidin suka gano na biyun. Alfa ne ya fi yawa a mama da mahaifa, shi ne kuma ke sa ƙwayoyinsu su hayayyafa. Aisofilabon sun fi karkata ga beta. Wannan bambanci ne ya sa ba sa yin duk abin da istirojin ke yi, mai kyau da marar kyau: ba sa kashe zafin kamar yadda yake kashewa, ba a kuma ga suna kumbura bangon mahaifa kamar yadda yake yi in an sha shi shi kaɗai ba.

Wani abu da ya kamata a faɗa a nan: waken suya ba ya dawo da al'ada, ba ya jinkirta ɗaukewarta, ba ya kuma hana ɗaukar ciki. Muddin ba ki cika wata 12 cur babu jini ba, ciki na iya shiga.

Daga ina aka samo tunanin cewa zai taimaka?

Daga tumaki aka fara. A shekarun 1940 a Yammacin Ostireliya, tumakin da ke kiwo a kan wata ciyawa mai yawan aisofilabon suka daina haihuwa, aka gano tsiro ma na iya taɓa sinadaran haihuwa. Daga baya, a shekarun 1980, Margaret Lock, masaniyar al'adun al'umma, ta tarar matan Japan ba sa kokawa da zafin bazata kamar matan Kanada da Amurka. A 1992 Herman Adlercreutz na Jami'ar Helsinki da abokan aikinsa suka kawo shawarar cewa wataƙila waken suya ne dalili, tunda manya a Japan kan ci miligiram 30 zuwa 50 na aisofilabon a rana, alhali a Turai da Amurka ba a kai ko miligiram 3 ba.

Shawara ce mai ma'ana, amma ba hujja ba ce. Matan Japan sun bambanta da na Kanada a nauyin jiki, da sauran cimarsu, da ma yadda suke bayyana damuwar jiki. Kuma tun suna yara suke cin waken, ba a shekara 50 suka fara ba. Shi ya sa aka koma gwaji na ƙa'ida, wanda amsa ta gaba ta yi bayaninsa.

To, yana aiki ko ba ya aiki?

Yana ragewa, amma kaɗan, kuma a hankali. A 2012 an haɗa sakamakon gwaje-gwaje 17 da aka kwatanta kafson aisofilabon da ƙwayar wofi, wato ƙwayar da babu magani a cikinta. Matsakaicin abin da matan suka sha miligiram 54 ne a rana, na tsawon mako 6 zuwa wata 12. An samu yawan zafin ya ragu da kusan kashi 21 cikin 100, tsananinsa kuma da kusan kashi 26, bayan an cire abin da ƙwayar wofi ta yi. Wani nazarin da aka buga a mujallar JAMA a 2016 ya samu raguwar wajen tasowa ɗaya a kowace rana, amma bai ga canji a gumin dare ba.

Ga yadda wannan yake a zahiri. Mace mai samun zafi sau 10 a rana, in ta fara shan komai da take sa ran zai taimaka, sau da yawa yakan sauka zuwa 7 ko ƙasa da haka, domin tasirin sa rai a wannan matsala babba ne, a wasu gwaje-gwajen har yakan kai rabi. Aisofilabon zai iya ƙara sauke mata ɗaya ko biyu a kan hakan. Maganin istirojin na asibiti kuwa yana rage yawan zafin da kusan kashi 75 cikin 100.

Ga wadda zafinta matsakaici ne, raguwar biyu a rana da ɗan sassaucin tsanani abu ne da za ta ji a jikinta, kuma bai kamata a raina shi ba. Ga wadda ke farkawa sau huɗu a dare tana canza riga, wannan ba zai ishe ta ba. Ita ta wuce kai tsaye zuwa amsar da ta yi bayanin sauran magunguna.

Me ya sa wani likita ke cewa a gwada, wani kuma ya ce ɓata lokaci ne?

Saboda gwaje-gwajen kansu sun saɓa. Nazarin 2013 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ya duba gwaji 43 ya ce babu tabbatacciyar hujja, sai dai ya ware kafso masu yawan jenistayin ya ce sun cancanci ƙarin bincike. Wani gwaji da aka yi a Mayami, aka buga a 2011, ya ba mata miligiram 200 a rana har shekara 2, bai ga amfani a zafin ba, bai gani a ƙashi ba. Ƙungiyar likitocin Arewacin Amurka masu kula da ɗaukewar al'ada, wadda a lokacin ake kira NAMS, a matsayarta ta 2023 ba ta sa waken suya ko kafsonsa cikin abin da take ba da shawara ba. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila kuma a 2015 ta ce akwai 'yar hujjar cewa yana iya taimakawa, amma kayan da ke kasuwa sun bambanta ƙwarai a inganci.

Saɓanin yana da dalilai sanannu. Wasu gwaje-gwajen gajeru ne, an rufe su kafin sinadarin ya kankama. Wasu sun yi amfani da kafso mai ƙarancin jenistayin. Wasu sun ɗauki matan da zafinsu bai da yawa tun farko, inda da wuya a ga bambanci. Sannan ga bambancin hanjin mata, wanda shi ne batun tambaya ta gaba.

Ƙawata ta ce ya yi mata aiki sosai, ni kuwa ban ga komai ba. Me ya sa?

Wani ɓangare na amsar a hanji yake. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke juya daidzayin ya koma wani sinadari mai suna ikwal, wanda ya fi shi kama gurbin beta, ya kuma fi daɗewa a jini. Ba kowa ke da waɗannan bakteriya ba. A Turai da Amurka kashi 25 zuwa 30 cikin 100 ne kawai na manya ke samar da ikwal, a Japan da Koriya da Sin kuma kashi 50 zuwa 60. Wasu bincike sun nuna masu samar da shi sun fi cin moriyar waken, ko da yake ba duka ne suka tabbatar da hakan ba.

Gwajin fitsari ne ke nuna ko mace na samar da ikwal, bayan ta ci waken na 'yan kwanaki, amma ba gwaji ne da ake yi a yawancin asibitoci ba, kuma ba sai kin yi shi ba: gwajin mako 12 da aka bayyana a ƙasa zai ba ki amsar da kike buƙata. Abu ɗaya da za ki lura da shi shi ne maganin antibayotik. Yana iya rage bakteriyar hanji na wani lokaci, don haka in kin sha shi ana tsakiyar gwaji, kada ki yanke hukunci da sakamakon waɗannan makonnin.

Nawa ya kamata in ci a rana?

Miligiram 40 zuwa 60 na aisofilabon, wanda ya yi daidai da cin abincin waken suya sau biyu a rana. A raba shi safe da yamma, domin cikin awa 6 zuwa 9 rabin abin da ya shiga jini ya fita. Wadda ta cinye na yini duka da safe, kafin tsakar dare saura kaɗan ya rage a jikinta, a daidai lokacin da gumin dare ke tasowa. Ƙara yawa fiye da haka bai nuna ƙarin amfani ba, kamar yadda gwajin Mayami mai miligiram 200 ya nuna.

Wane nau'in abincin waken suya ne ya fi ɗauke da shi?

Dafaffen busasshen wake ne kan gaba: rabin kofi, wajen giram 85, na ba da kusan miligiram 50. Awara giram 100 na ba da 20 zuwa 30. Kofi ɗaya na madarar da aka yi da cikakken wake na ba da kusan 20 zuwa 30, amma ta kwali takan gaza haka sosai in an tsinka ta ko an yi ta da tataccen furotin. Gasasshen garin waken suya giram 30 na kai wa wajen 50. Tempe na Indonesiya da natto na Japan, waɗanda ake ruɓar da waken kafin a ci, suna da yawa su ma, kuma ruɓarwar ta riga ta ɓalle wani kaso na sukarin da ke manne. Duk waɗannan alƙaluma kimantawa ne, domin irin waken da ƙasar da aka noma shi da yanayin shekarar na iya ninka adadin ko su rage shi.

Akwai hanyar lissafi mai sauƙi: a abincin da ba a tace shi da yawa ba, kowane giram 1 na furotin ɗin waken suya na tafe da kusan miligiram 3.5 na aisofilabon. In kwalin madara ya nuna furotin giram 7 a kofi, kina da wajen miligiram 25.

Inda mata da yawa ke yin asara shi ne man waken suya. Kusan babu aisofilabon a cikinsa, haka ma baƙin romon waken suya mai gishiri da ake ɗigawa a girki. Garin furotin da aka wanke da sinadarin alkohol a masana'anta shi ma ya rasa mafi yawan nasa.

Yaya zan dafa shi? Wuta ba ta kashe sinadarin?

Zafin girki na yau da kullum ba ya lalata aisofilabon, amma wani kaso na zurarewa cikin ruwan dahuwa, don haka kada a cika ruwa fiye da buƙata. Dahuwar kuwa dole ce. Ɗanyen waken suya na ɗauke da sinadaran da ke hana narkewar furotin, suna kuma kawo tashin zuciya da murɗar ciki da gudawa. A jiƙa shi awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan jiƙon, a zuba sabo, a dafa awa 2 zuwa 3 har sai ƙwaya ta murje tsakanin yatsu biyu. Tukunya mai matse tururi na gajarta lokacin sosai.

Mai yin madara a gida ta kula da wani tarko. Madarar waken suya kan yi kumfa ta taso tun zafinta bai kai na tafasa ba, sai a zaci ta nuna a sauke. Idan kumfar ta taso a rage wuta, a ci gaba da juyawa har ta tafasa da gaske, sannan a bar ta a kan wuta kaɗan na wajen minti 15.

Kumburin ciki da yawan iska su ne ƙorafin da aka fi yi. Wasu nau'o'in sukari ne da hanjin ɗan Adam ba ya narkarwa ke kawo su. A fara da cokali biyu na dafaffen wake a rana, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu. Awara ta fi sauƙi ga mai irin wannan ciki, domin mafi yawan sukarin na tafiya da ruwan da ake matsewa.

Sai yaushe zan ga canji, kuma ta yaya zan san da gaske yana aiki?

Sai an yi haƙuri. Wani nazari na 2015 ya lissafa cewa aisofilabon na ɗaukar fiye da mako 13 kafin ya kai rabin iyakar tasirinsa, alhali istirojin na kai wa nan cikin mako 3. Wadda ta gwada kwana goma ta bari ba ta gwada komai ba.

Kafin ki fara, ki yi mako biyu kina rubuta kowace tasowa a takarda ko a waya, ki sa mata lamba: 1 in zafi ne babu gumi, 2 in da gumi amma kin ci gaba da abin da kike yi, 3 in ya tsayar da ke ko ya tashe ki daga barci. Sai ki fara cin waken kullum ba fashi, kada ki haɗa da wani sabon magani a lokaci guda. A mako na 6 da na 12 ki sake yin rubutun na mako guda ki kwatanta. In masu lamba 2 da 3 sun ragu a fili, ki ci gaba, domin amfanin na iya ƙaruwa a watannin gaba. In babu wani motsi a mako na 12, kin yi gwaji na adalci, lokaci ya yi da za a duba wata hanya.

Na ji an ce wani bincike ya nuna raguwar kusan kashi 90 cikin 100. Gaskiya ne?

An yi binciken, a Amurka, ana kiransa WAVS. Mata 84 aka raba gida biyu. Gida ɗaya ya bar nama da madara da ƙwai gaba ɗaya, ya rage mai, ya kuma riƙa cin rabin kofin dafaffen waken suya kullum har mako 12. Zafi matsakaici da mai tsanani ya ragu da kashi 88 cikin 100 a wajensu, a ɗaya gidan kuma da kashi 34. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa. Sai dai matan sun san abin da suke ci, babu yadda za a ɓoye musu, sun kuma rage ƙiba, wadda ita kanta raguwarta na sassauta zafin. Ba za a iya ware rabon waken daga rabon sauran canje-canjen ba.

Abinci ya fi ko kafso? In kafso zan saya, me zan duba?

Abinci ya fi. An daɗe ana cinsa, an san lafiyarsa, yana kuma zuwa da furotin da harza. Kafso na da amfani ga wadda cikinta ba ya ɗaukar wake ko ba za ta iya ci kullum ba, amma a ƙasashe da yawa ba a tantance shi kamar yadda ake tantance magani, kuma an sha auna wasu a tarar abin da ke ciki bai kai abin da aka rubuta ba.

A jikin kwalba ki nemi abu uku. Na farko, adadin aisofilabon kansa, ba nauyin garin da aka cusa a kafson ba. Na biyu, kalmar aglycone, wadda ke nufin an auna shi ba tare da sukarin da ke manne ba. In da sukarin aka auna, miligiram 100 bai wuce kusan 60 na ainihin sinadarin ba. Na uku, adadin genistein, kamar yadda ake rubuta shi a kwalba. A nazarin 2012, kafso masu ba da fiye da miligiram 18.8 na jenistayin a rana sun ninka sauran tasiri fiye da sau biyu. Kafson da aka yi da ɗan tsiron cikin ƙwayar wake kaɗai yawanci daidzayin ne ya cika shi, jenistayin kaɗan ne.

Kada a haɗa kafso mai ƙarfi da cin waken da yawa. Hukumar lafiyar abinci ta Japan a 2006 ta sa iyakar miligiram 70 zuwa 75 a rana gaba ɗaya, ta ce abin da za a ƙara a kan abinci kada ya wuce 30.

Ba zai jawo min sankarar mama ba? In kuma na taɓa yin ta fa?

Tsoron ya samo asali ne daga gwajin ɓeraye da na ƙwayoyin sankara a ɗakin bincike, inda jenistayin ya sa wasunsu suka girma. Amma jikin ɓera ba ya sarrafa aisofilabon kamar na mutum. Da aka duba mata, ba a ga haɗarin ba. Wani bincike a Shangai da ya bi mata sama da 5,000 masu sankarar mama, aka buga a 2009, ya tarar waɗanda suka fi cin abincin waken suya sun fi ƙarancin mutuwa da dawowar cutar, har da masu shan maganin sankarar mama mai suna tamoksifen. Manyan ƙungiyoyin yaƙi da sankara na Amurka sun yarda cewa cin abincin daidai wa daida ba shi da laifi ga wadda ta yi cutar.

Kafso daban ne. Ba a yi masa irin wannan dogon bincike a masu sankara ba, saboda haka wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta mahaifa, ko take shan tamoksifen ko magungunan da ke hana jiki ƙera istirojin, kada ta sha shi sai likitan da ke kula da ita ya amince.

Mahaifa fa?

Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta duba wannan a 2015, ba ta ga illa ga mahaifa ko mama ko tayirod, wato gaɓar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ba a matan da al'adarsu ta ɗauke, a adadin da aka saba sa wa a kafso. Akwai dai wani gwaji na Italiya da aka ba mata miligiram 150 kullum har shekara 5, inda 'yan kaɗan daga cikinsu bangon mahaifarsu ya yi kauri. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba a son adadi mai yawa na tsawon shekaru.

Ina shan maganin tayirod. Zan iya ci?

Za ki iya, amma ki raba lokacinsu. Waken suya na rage yadda hanji ke tsotse lebotayiroksin, wato maganin tayirod ɗin. Ki sha maganin da safe cikinki babu komai, da ruwa zalla, ki bar tazarar awa 4 kafin abincin waken. Ki sanar da likita kin fara ci kullum, domin a sake auna jini bayan mako 6 zuwa 8 a ga ko adadin maganin na buƙatar gyara. Ga mai lafiyayyen tayirod da ke samun isasshen aidin, waken ba ya kawo matsala. Inda aidin ya yi ƙaranci ne yake iya taimaka wa maƙoƙo fitowa, kuma gishiri mai aidin na toshe wannan ƙofa.

Su wa kuma ya kamata su yi hattara?

Mai borin jini ga waken suya, wadda yake sa wa ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, ta nisance shi, abincin da kafson duka. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ta sanar da asibiti kafin ta canza cimarta, ta kuma guji natto, domin yana da bitamin K mai yawan gaske da ke karya ƙarfin maganin. Mai ciwon ƙoda da aka taƙaita wa fotasiyam da fosfaras ta nemi a ƙayyade mata adadi. Mai shan ƙwayar ƙarin jini kada ta haɗiye ta da madarar waken suya, domin tana rage tsotsar sinadarin ƙarfe.

Yana taimaka wa ƙashi da zuciya da bushewar gaba?

Furotin ɗin waken suya giram 25 a rana na sauke mugun kitsen jini kaɗan, da 'yan kaso cikin 100, ya fi kuma amfani in ya maye gurbin nama mai kitse. A ƙashi sakamakon ya saɓa, bai kamata mai raunin ƙashi ta dogara da shi ba. Bushewar gaba takan ɗan sassauta a wasu, amma man shafawa na musamman ko istirojin ɗan kaɗan da ake sawa a wurin sun fi shi aiki nesa ba kusa ba.

Na yi mako 12 ban ga komai ba, ko zafin ya fi ƙarfina. Me ya rage?

Da sauran hanyoyi, kuma babu dalilin da zai sa mace ta shekara bakwai ba ta barci. Maganin homon, wato istirojin na asibiti, shi ne mafi ƙarfi. Ga mafi yawan masu lafiya da ba su kai shekara 60 ba, ko ba su wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa. Mai mahaifa sai an haɗa mata istirojin da wani homon mai suna furojestin don kare bangon mahaifar. Ba a ba wadda ta yi sankarar mama, ko daskarewar jini a jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta mai tsanani.

Ga wadda homon bai dace da ita ba, akwai ƙaramin adadi na wasu magungunan damuwa irin su faroksetin da benlafaksin, akwai gabafentin da ke da amfani ga gumin dare, akwai kuma fezolinetan da Amurka ta amince da shi a 2023, wanda ke aiki kai tsaye a sashen ƙwaƙwalwar da aka ambata a amsar farko, sai dai yana buƙatar a riƙa auna lafiyar hanta. Mai shan tamoksifen ta sani cewa faroksetin na rage masa ƙarfi. Rage ƙiba da barin taba na taimakawa, haka ma zaman koyon dabarun sarrafa tunani da ƙwararru ke gudanarwa, wanda ke rage yadda zafin ke takura wa mace ko da yawansa bai sauka ba.

Yaushe ne bai kamata in tsaya gwada abinci ba, in tafi asibiti?

Ba kowane gumi ne na ɗaukewar al'ada ba. In gumin dare ya zo da zazzaɓi, ko tarin da ya wuce mako biyu, ko rama babu dalili, ko ƙululu a wuya ko hammata, a je a bincika, domin tarin fuka da wasu cututtukan jini na zuwa da wannan kama. In zafin na tare da rawar hannu da bugun zuciya da rama alhali kina ci sosai, a auna tayirod. Mai ciwon sukari da ke farkawa cikin gumi ta auna sukarinta a lokacin, wataƙila sauka ya yi. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45, balle kafin 40, tana buƙatar ganin likita ko da zafin bai dame ta ba, saboda ƙashinta da zuciyarta, kuma waken suya ba ya maye gurbin maganin da ake ba irinta.

Duk jinin da ya fito bayan an cika wata 12 babu al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, ko kina cin waken suya ko ba kya ci, a kai shi gaban likita cikin 'yan kwanaki, a duba kaurin bangon mahaifa.